Rumbun Iri

Yakuba ya bari sai da aka ajiye akushin tuwo, maza suka wanke hannu suka kewaye shi, sannan ya miƙa dunƙulallen hannunsa saman gwiwar wansa Lawali ya buɗe.

Abin ya faɗo kan farar shaddar Lawali, ya baza ƙafafu ya tsaya. Ba wani ƙasurgumin gizo-gizo ba ne, irin na bayan randa ne, siriri, mai launin ƙasa. Amma Lawali, ƙaton da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Damagaram da Agadas, mutumin da aka ce 'yan fashi sun taɓa tsare shi a hanya bai ko tofar da goron bakinsa ba, sai ga shi ya saki wata ƙara irin ta ɗan akuyan da aka taka. Ya zabura da baya, ƙafarsa ta kwashi kwanon miya, hularsa ta yi nata wuri. Kafin a ankara yana manne da bangon zaure, yana kakkaɓe jikinsa da hannu biyu, miyar kuka na bin ƙafar wandonsa.

Ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinsu Malam Adam ce, saboda haka ba wanda ya isa ya yi dariya a fili. Wasu suka koma tarin ƙarya, wasu suka zuba wa tabarma ido kamar yau suka fara ganin ta. Liman ya ci gaba da jan carbinsa.

"Yi haƙuri, Yaya," in ji Yakuba, ko murmushi babu a fuskarsa. "Na ga shi ma ta'aziyya ya zo, na ce bari in kai shi ya gaida babban gida."

"Allah ya isa tsakanina da kai," Lawali ya ce.

"Amin. Sai dai wannan jariri ne. Iyayensa na cikin rumbu, suna jiran ka bayan la'asar."

Duk wanda ke zauren ya san inda maganar ta dosa. A wannan gida na gefen garin Dogo, tun kaka da kakanni, ba a naɗa maigida da baki. Idan uba ya rasu, ranar da aka gama sadakarsa ake taruwa a gindin babban rumbun laka da ke bayan gida. Babban ɗa ya hau tsani, ya ɗage jinka, ya sauka har ƙasa inda ake fara jera zaɓaɓɓen gero da kaka, ya fito da damin iri na farko. Daga ranar gandu ya zama nasa, shi ke cewa a yi shuka, shi ke fid da abin da za a daka. In ya kasa, mai bi masa ya shiga, girman ya koma can. In kuma an ƙi yarda da juna, sai a kira malamai a raba gona, kowa ya kama gabansa.

Su biyu ne maza a gidan, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ka ga zamansu sai ka rantse a kasuwa aka tsinto ɗaya. Lawali ya bar ƙauye tun gemu bai fito masa ba. Yakuba ya tsaya. Shi ya yi noma, shi ya yi jinyar tsoho tun ranar da ɓarin jikinsa ya shanye har aka kai shi makwancinsa. Lawali kan zo da salla, ya sauke buhun shinkafa, ya raba wa yara dabino, ya kwana a cikin motarsa, don ɗakunan gidan duk rufin azara ne, azara kuwa ba ta rabo da yanar gizo. Washegari ya tashi a bi shi da addu'a, Yakuba ya koma juya tsoho a kan tabarma.

Wannan karon a motar haya ya zo, ya ce tasa tana gareji. Ƙarya ce. Idonsa ya fara hazo, ya kusa kifar da kaya a hanyar Tanut, mai motar ya karɓe makulli ya miƙa wa wani. Matarsa da 'ya'yansa na can gidan haya a Damagaram, tukunya na jiran abin da zai kawo. Duk dogaronsa a kan rumbun nan yake: in gandu ya zo hannunsa, ya kwaso iyali su ci abin da ke ciki har kaka. In kuwa aka raba, me zai yi da rabin gona, shi da rabonsa da hauya tun yana ɗan yaro?

Tsoron nasa kuma ba na wasa ba ne. Kunama yakan murƙushe ta da takalmi, maciji ya taɓa kashewa da ƙarfen taya. Amma da ya hangi ƙafafun nan suna motsi sai numfashinsa ya sarƙe, tafin hannunsa ya jiƙe. An yi masa rubutu ya sha, an yi masa turare, har wajen wani malami a Zermu an kai shi, malamin ya ce aljana ce ta aure shi. Aljanar dai ba ta sake shi ba. In ka tambaye shi mafarin abin sai ya ce haka Allah ya yi shi, ya kawo wani zance.

Bayan azahar Yakuba ya same shi a bakin rijiya yana wanke ƙafar wandonsa.

"Yaya, ba faɗa ya kawo ni ba."

"Me ya rage? Ka gama."

"Na nuna maka ne don ka san kanka tun kafin jama'a su taru. Ka ce ƙafarka ke ciwo, ni in shiga. Ka koma wa motarka da mutuncinka, mu ma ka bar mu da wahalarmu da muka saba."

"Wato in miƙa maka gidan ubana saboda ƙwaro."

"Gidan ubanka?" Yakuba ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ɗakin da ya cika a ciki ko ƙofarsa ba ka iya tsallakawa ba. Daga bakin ƙofa ka yi masa sallama, kamar mai bin bashin goro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Yaya. Kai baƙo ne."

Maganar ta soki Lawali, don gaskiya ce. Ya matse wandon da ƙarfi har zaren ya yi ƙara. A ransa ya ji ya tsani ƙanen nan nasa, tsana mai nauyi, da busasshiyar fuskarsa da faskararrun dugadugansa da yadda kullum gaskiya take bayansa.

"Zan shiga," ya ce. "In na fito kuma, ni da kai ne."

Yakuba ya dube shi, kamar akwai sauran magana a bakinsa. Sai ya tofar da yawu gefe ya juya.

Ana idar da la'asar aka taru a bayan gida. Gabas ta fara haɗa baƙi, iska na kawo ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri mai nisa. Maza suka tsaya gefe guda da liman, mata suka leƙo ta kan danga. Gwaggo Lami, ƙanwar marigayi, ita kaɗai ta rage a cikin manya, aka ajiye mata turmi ta zauna a kai, sandarta tsakanin ƙafafunta. Rumbun na tsaye a kan duwatsunsa, ya fi mutum biyu tsawo, cikinsa ya bultso kamar na tulu.

"To, Lawali," in ji Gwaggo. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bisimilla."

Ya tuɓe babbar riga, ya rataya igiya a kafaɗa, ya kama tsani. Wani daga baya ya ce a tanadi ruwan yayyafa wa mai suma, aka yi gyaran murya aka yi shiru. Da ya kai sama ya tura jinkar gefe, ƙura ta tashi, wasu 'yan ƙanana suka watse cikin ciyawar. Ya runtse ido har suka ɓace. Da ya buɗe sai ya ga dammunan gero dab da bakin rumbun, a jere. Zuciyarsa ta yi sanyi. Rumbu cike yake har wuya. Ya sa hannu ya jawo ɗaya, ya ɗaga.

"Wannan na ci ne," Gwaggo ta ce daga ƙasa, ba ta ko ɗaga kai sosai ba. "Iri yana gindi. Ubanka bai taɓa yi mana wayo daga sama ba."

Ya ajiye damin a kafaɗar rumbun, ya jawo na biyu, ya jawo na uku. A nan hannunsa ya taɓa itace. Sanduna ne aka gicciya a wuyan rumbun, aka ɗora 'yan dammunan a kai. Ƙarƙashinsu duhu ne. Da idonsa mai hazo bai ga komai ba sai wani fari-fari yana lilo a cikin duhun, hawa-hawa, kamar an shanya tsofaffin mayafai.

Bai tsaya tunani ba, don ya san in ya tsaya ba zai shiga ba. Ya ɗaure igiyar a sanda mafi kauri, ya zura ƙafafu, ya saki jiki.

Yanar farko ta kama shi a ƙwauri, ta biyu a ƙirji, ta uku ta rufe masa fuska gaba ɗaya, ta shiga baki, ta manne a gashin ido. Ya ji abu na gudu a bayan wuyansa, wani a cikin hannun rigarsa. Ihu ya taso masa tun daga cibiya. Ya datse shi da haƙora, ba don jarumta ba, sai don ya tuna masu tanadin ruwa a waje. Ya yi ta sauka yana jiran ƙafarsa ta taka gero, ba ta taka ba, har ta dira a kan daɓen ƙasa.

Ya durƙusa a wurin, hannu biyu a ka. Ƙura ta shaƙe shi, tari ya ƙwace masa guda ɗaya. Tarin ya bugi bango ya dawo masa, ya kewaya, ya yi sama yana amo kamar an buga tulun da ba ruwa.

Wannan amon ya san shi. Ya taɓa jin sa sau ɗaya, a nan, a daidai inda yake durƙushe.

Shekarar yunwa ce, yana ƙarami, ko makarantar allo bai daɗe da shiga ba. Da sassafe mahaifinsa ya ɗaura masa igiya a hammata, ya ba shi tsintsiya da 'yar ƙwarya, ya zura shi cikin rumbun nan ya sharo ƙwayar da ta zube a ƙasa. Yanar gizo ta rufe shi kamar yau. Ya ƙwalla ihu, rumbun ya ɗauki ihun ya ninka. Sai kan mahaifinsa ya toshe hasken sama, ya ce da wata murya da bai taɓa ji ba, "Yi shiru. Yi shiru don Allah, kada uwarka ta ji." Ya haɗiye kukan, ya yi shara suna yawo a jikinsa, ya fito da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Tun daga ranar yake ɗauka tsoho kunyar ragwancinsa ya ji. Sai yau, da gemunsa da furfurarsa, ya gane. Rumbun da ke cike ba ya amsa murya. Duk manomin da ya ji wannan amo daga waje ya san gidan ba abinci. Ba ɗan kaɗai ne ya tsorata ba a ranar, har da uban da ke riƙe da igiya.

Ya sauke hannuwansa a hankali, ya share fuska. Hasken da ke zubowa daga sama ya ishe shi ganin bangon da ke kusa. Suna nan birjik, manya da ƙanana, kuma duk gudu suke yi. Ba ɗaya da ya nufo shi. Kowanne na neman tsaga ya ɓuya, shi ne dodon da ya faɗo musu daga sama ya yayyaga musu gidaje. Wata babba ta maƙale dab da gwiwarsa, ta rungume wani farin ƙunshi a ƙarƙashin cikinta, nauyinsa ya hana ta sauri, ta kuma ƙi yar da shi. Ya zuba mata ido. Tsigar jikinsa na tashi har yanzu, zuciyarsa na dukan ƙirji, amma numfashinsa na shiga yana fita. Ya janye gwiwar, ta ja kayanta ta wuce.

Sannan ya shafa daɓen da tafin hannu, ya kewaya da shi ko'ina. An share shi tas. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Hasken sama ya toshe. Kan Yakuba ne.

"Na ce musu zan duba ko ka suma," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ina geron?"

"Rage murya."

"Na ce ina geron, Yakuba?"

"Yana farmasi. Yana wajen masu allura. Duk ordonas ɗin da likita ya rubuta, da dami na biya ta. Na ci ya ƙare, na shiga na iri. Da me kake tsammani aka yi jinyar? Da dabinonka?"

"Ka kasa buga mini waya?"

"Na buga. Ka ce kana hanya, in ka sauka za ka kira."

Lawali ya tuna ranar, ya tuna ma inda yake zaune yana shan shayi.

"Baba ya sani?"

"Bai sani ba. Kullum sai ya tambaye ni rumbu, in ce masa cike yake." Muryar Yakuba ta bushe ƙarau. "Na so in shiga da kaina, in fito da na saman nan, in san yadda zan yi kafin ruwa ya sauka. Ka ƙi. To ga shi ka samu abin da kake nema. Fito ka gaya musu na cinye gadon gida. Liman na nan, a raba yau, kowa ya huta da ganin ɗan'uwansa."

Kan ya janye, haske ya dawo.

Lawali ya zauna a kan dugadugansa. Ga dama ta zo masa har gida. Kalma ɗaya zai ɗaga murya ya faɗa daga nan inda yake, rumbun da kansa ya ba da shaida, miyar da ta zube a zaure ta koma kan mai ita. Ransa ya so hakan, ya so ƙwarai. Ya buɗe baki har iska ta shiga. Sai ya tarar ba zai iya ɗaga murya a cikin wannan wuri ba. Ya kama igiya ya fara hawa.

Da kansa ya ɓullo, mata suka ja da baya a kan danga. Fari fat ya fito, yanar gizo ta naɗe shi tun daga gashin kai har ƙafa, tana lilo a gemunsa. Ya zauna a bakin rumbun ya ba jama'a baya, ya mayar da dammuna biyu kan sandunan, ya jawo jinka ya rufe da kyau. Sannan ya saɓa na ukun a kafaɗa ya sauko. Wani ƙarami na tafiya a kan damtsensa. Ya gan shi, naman wurin ya yi tsalle, amma ya bari sai da ya taka ƙasa sannan ya kara hannun a jikin rumbun, abin ya haye bango.

Ya ajiye damin a gaban Gwaggo Lami.

Tsohuwar ta zaro zangarniya ɗaya ta auna a tafin hannu. Gajera ce, ƙwayarta ƙanana, irin wadda ko kaza sai ta yi shawara. Ta daɗe tana ganin irin gidan nan tun kafin a haifi waɗannan biyun. Ta dubi yanar da ke jikin Lawali, ta dubi Yakuba da ke tsaye can gefe ya harɗe hannu yana jiran a kira sunansa.

"Yaya cikin rumbun?" ta tambaya.

"Alhamdu lillahi, Gwaggo," in ji Lawali. "Sai dai daga yau ba mai hawa sai ni."

Ta mayar da zangarniyar cikin damin, ta tura ta ciki sosai yadda ba za a gan ta ba. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," ta ce, kamar da sandarta take magana. "Malam, a yi mana fatiha."

Aka shafa. Maza suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu, har da mai tanadin ruwa, wanda ya fi kowa daɗewa yana girgiza hannun. Yakuba ne na ƙarshe. Bai miƙa hannu ba, ya matso dab da kunnensa.

"Ban roƙe ka ba."

"Na sani."

"Kada ka jira godiya. Tunda kai ne maigida, sai ka sayo iri kafin ƙasa ta sha. Ku masu mota ba ku rasa na kashewa."

Lawali ya dube shi, ya ga har zuciyarsa haka ya ɗauka. Yakuba bai san an karɓe makullin motar ba.

Aka yi tsawa a gabas, iska ta taso da kara da ganye, ɗigon farko ya faɗo a kan jinkar rumbun. Mata suka ruga kwashe shanya, maza suna ta hamdala, wani na cewa wannan maigida ya shigo da ƙafar dama. Gwaggo Lami ta dogara sandarta ta miƙe da ƙyar.

"Maigida," ta ce, yadda kowa zai ji, "in ruwan nan ya kwana yana yi, gobe shuka. Da wace gona za a fara?"

Lawali ya dubi damin nan guda da ke gabansa, wanda ko kusurwar gona ba zai rufe ba. Ya sunkuya ya ɗauke shi don kada ya jiƙe.

"Da babbar," ya ce.